Takardar da Na Ce Gara Ta Ci

Unguwar Zariya, Maraɗi, ranar Asabar da hantsi

Sarjan,

Assalamu alaikum. Gaisuwa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama, ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma ba ka cika karanta wasiƙuna har ƙarshe ba. Kai da bakinka ka faɗa mini layin farko kake dubawa, in ka ga kowa lafiya sai ka ninke ka sa a aljihu. To, yau babu aljihu. Na yago tsakiyar wani sabon kaye, littafin rubutu na 'yan ajina, na ɗauki bik, zan faɗi abin da ke cina shekara shida, ko ka ji ko kada ka ji.

Fushi nake yi, gara ka sani tun daga farko. Malamai sun ce a yi wa mamaci addu'a, ina yi, ban taɓa fashi ba. Amma ba wanda ya yi mini alkawarin in na shafa fushin zai tafi, kuma bai tafi ba.

Labarin gida ba yawa. Nana 'yarmu ta haihu, mace, an sa mata sunan Innarka. Dalbejiyar ƙofar gida an sare mata babban reshe saboda wayar lantarki, inuwar ta koma rabi. Goggonka Kande tana nan da ranta a Jiratawa, idon ne dai ya tafi. Gulbi ya kawo ruwa bana har ya ci gefen garka, amma zogale ya yi, yajin yawo ma ba laifi. An yi zaɓe bayanka, an yi rigimar zaɓe, sannan wata rana rediyo ta kama kiɗan soja. Turawan da suka koya muku aiki an sallame su, gari ya fito titi yana ihu, wasu baƙin kuma sun zo da nasu kayan. Ni dai ina nan lakwal ɗina ina koya wa yara ƙidaya.

Babban labarin shi ne ɗanka zai shiga soja. Jibi Litinin yake da bizit, gwajin lafiya wurin likitan bariki.

Ka ji daɗi, ko? Na san da kana nan da ka shafa gemu ka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai ka shuka masa wannan abin. Ka tuna hutun da ka zo bayan istaj, wata ukun nan da aka kai ku horo wurin Turawa? Kowace la'asar sai ka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya, maƙwabta su taru, ka yi ta ba su labarin makami mai linzami, wanda ku kuke ce wa misil. Ina daga zaure ina ji, ɗanka kuwa yana gindinka baki buɗe. Ka ce bututu ne a kan ƙafa uku, mutum biyu ke aiki da shi, ɗaya ya ɗora, ɗaya ya sa ido a madubi. Ka ce don tankar yaƙi aka ƙera shi, irin wadda harsashi ke yi wa susa. Ka ce da za a kafa shi a ƙofar gidanmu, a ajiye tanka a bakin babbar kasuwa, in ba don gidajen da ke tsakani ba, sai dai a zo a kwashe ƙarafa. Kuma ka ce idan ya tashi yana jan wata siririyar waya a bayansa, ta cikinta mai harbi ke yi masa jagora, saboda haka ba ka da ikon ɗaga kai ko ƙifta ido sai ya isa. Wani ya tambaye ka tsawon wane lokaci ke nan, ka ce kamar mutum ya karanta Fatiha ɗaya a natse.

Sauran maza suna kawo wa matansu atamfa tsaraba, kai ka kawo mini ƙunshin waya a gwangwanin madara. Wai bayan harbin gwaji ka bi fili ka naɗe ta a kara don kada ta lalace a banza. Ɗan manomi dai ba ya wuce abin tsintuwa. Ka kai ta garka, ka ja ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka rataya mata gwangwanaye don korar tsuntsu. Tana nan har yau. Ba ta tsinke ba, sai dai ta yanki yatsa in an yi garaje. Cikin duk abin da ƙawancen nan naku ya shigo da shi ƙasar nan, ita kaɗai na ga amfaninta da idona.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ba ƙwazonka ne ya sa sunanka cikin masu tafiya istaj ba. Ni ce.

Lokacin kana cikin masu sintiri a bayan buɗaɗɗiyar mota, kowane wata sai an kawo labarin waɗanda suka taka nakiya. Sai na ji matan bariki suna cewa za a zaɓi mutane a koya musu wani makami da ake harbawa daga nesa. Wai su ko ƙurar faɗa ba ta taɓa su, suna can baya kamar masu kallon kokawa daga kan katanga. Na hau kabu-kabu na tafi Tsibiri wurin Kawu Ajidan, ƙanen mahaifiyata da ya daɗe da ajiye kaki, da ƙullin goro da kukana. Ya ce in share hawaye, akwai yaronsa a wurin da ake rubuta sunaye. Sati uku bayan nan ka shigo gida baki har kunne, ka ce manya sun ga aikinka. Na ce Allah ya ƙara ɗaukaka, na sa aka yanka maka zabuwa, na zauna ina kallon ka kana ci.

An cire sunan wani aka sa naka. Ban san ko wane ne ba, ban taɓa tambaya ba. Wataƙila yana nan yanzu yana cin tuwo da 'ya'yansa. Wataƙila kuma shi ya taka nakiyar da na guje maka. Duk wanda na ɗauka cikin biyun nan, ba ya haɗiyuwa.

Ka tuna dariyar da na yi wa Goggo Kande ran da ta ɗaura maka guru a ƙugu, ta yanka jan zakara gindin tsamiya, ta ce ƙarfe ba zai ci ka ba? Ban bar ka ka zauna ba sai da ka kwance shi, ni malamar lakwal mai ilimi. To ni ma laya na nemo maka, Sarjan. Tata ta fata ce, tawa ta ƙarfe ce daga Turai. Ita dai ko ba komai a gabanka ta ɗaura maka tata, ni kuwa ta bayan gida na bi.

Waɗanda suka kawo mini labarin rasuwarka sun zo da mota mai sheƙi da tuta a ninke. Suka ce ka faɗi a bakin daga, suka ce kai jarumi ne, suka sha ruwa suka tafi. Ko gawarka ban gani ba, can aka rufe ku. Sai bayan arba'in Kaparal Idi, mai ɗora maka makamin, ya zo yana dogara sanda. Ya zauna bakin zaure ya ƙi shiga. Ya ce, Madan, ni ba ni iya ɓoye maki, in na ɓoye ba ni kwana lahiya.

Ya ce an ajiye ku a kan wani tudu can gabas, gefen sansani, ku tsare hanya. A tsarin da manya suka zana a takarda, ku ne na tanka, sojojin maƙwabta da ake ƙawance da su ne masu tsare muku baya, jirgin Turawa kuma kira ɗaya za a yi masa ya iso. Kwana biyu kafin abin aka janye sojojin maƙwabtan, wai shugabanni sun sami saɓani a wani taro. Ba wanda ya turo madadinsu, ba kuma wanda ya ce ku sauko daga tudun. Makaman da ke hannunku biyu ne rak. Sauran suna kulle a kwantena, mabuɗin yana aljihun wani Bature da ya tafi babban birni.

Da hantsi maharan suka zo. Babu tanka ko ɗaya. Wa ya taɓa ganin mutanen nan da tanka? A kan babura suka zo, bibbiyu, sai mota guda da suka lulluɓe da farantan ƙarfe suka cika da nakiya, ta nufo ƙofar sansani. Idi ya ce harsashi sai tsalle yake yi a jikinta. Ka ce ya ɗora, ya ɗora, ka harba. Ƙurar da ta tashi a bayan bututun ta nuna wa kowa inda kuke. Babura suka karkato ta bayan tudun, daidai wurin da takarda ta ce akwai masu tsaro. Idi ya yi ta jan rigarka yana kiran sunanka, yana cewa ku tafi. Ba ka ɗaga kai ba. Motar ta tarwatse tun ba ta iso ƙofa ba, kuma ya ce har yau bai san wanne ya riga wani ba, ƙararta ko faɗuwarka. Jirgin ya zo bayan azahar, ihu bayan hari, ya yi shawagi ya ɗauki hotuna ya koma.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ni da bakin zagin makamin. Ya yi abin da aka ƙera shi dominsa. Mutane da yawa da ke cikin sansanin nan suna raye, wasu har gida suka zo mini gaisuwa da 'ya'yansu a hannu, na ba su ruwa, na amsa. Amma abu ne mai ido ɗaya, gabansa kawai yake gani, kuma abu guda a lokaci guda. Bai san babur ba. Ko ya sani, wa ke korar tsuntsun jan baki daga gonar gero da bindigar harbin giwa? Na biyun da ya rage yana kwance a akwatinsa suka iso kanku, don Idi ya ce in abu ya matso kusa ba shi da wani amfani, gara sanda. Waɗanda suka ƙera shi sun san haka sarai. Don tsoron tankokin maƙwabtansu suka yi shi, a can ƙasashensu, inda ba a barin mai harbinsa shi kaɗai a kan tudu. Akwai masu tsare masa dama, akwai masu tsare masa hagu, akwai na sama. Ku aka miƙo muku bututun aka riƙe sauran, har da mabuɗi.

Manyanku fa? Sun karɓa da fareti da kiɗa, sun jera sun ɗauki hoto, na gani a talabijin. A cikinsu duka, da taurarinsu da karatunsu na waje, an rasa mutum ɗaya da zai tambaya tankar wa za a harba? An rasa wanda zai ce in maƙwabci ya yi fushi ya kwashe mutanensa, wa zai tsaya a wurinsu? Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba ta san kayan aro ba ya rufe katara, ta san guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idi ya ce tun da aka sallami Turawan, bututan nan suna jibge a ma'aji, babu batir ɗinsu, babu mai gyara. Bara aka aiko mini da goron gayyata, wai in zo in zauna a layin gaba da sauran matan da aka mayar zawarawa, za a nuna sababbin kayan da sababbin abokai suka kawo. Na ce a gaya musu ina da aji.

Kai kuma, me ya hana ka gudu? Ka ji Idi yana kiran ka, ai ba kurma ba ne kai. Fatiha ɗaya, Sarjan. Shekara shida ke nan duk sallar da na tayar, in na kai tsakiyar Fatiha sai zuciyata ta ce yanzu babura sun hau tudu, in na ce amin ka faɗi. Ka ɓata mini salla, Allah ya yafe mini ya yafe maka. A cikin wannan ɗan lokacin ka tuna da ni? Ka tuna Nana ko aure ba ta yi ba? Ka tuna rufin ɗakin da ka ce in ka dawo za ka gyara kafin damina? Na san amsar, kada ka wahalar da kanka. Da ka ɗaga kai da motar ta shiga. Na sani, kuma sanin bai taɓa rage mini komai ba.

Ɗanka ya girma da labarin nan a bakin mutane. Ko'ina ya shiga sai a ce ga ɗan wanda bai ɗaga kai ba. Shi da abokansa suna zaune a fada, majalisarsu ta samari, suna dafa shayi, suna miƙa wa juna hotunan makamai a salula, suna gardamar wanne ya fi wanne kamar masu cinikin raguna. Ya ce mini na sababbin abokan nan ya fi naku, nisa ya fi, wai wani ma ko waya ba ya ja. Na ce masa duk kanwar ja ce, ya yi dariya irin taka, ya ce ni ban san zamani ba.

Da aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji, aka ce 'ya'yan waɗanda suka faɗi a bakin daga za a sa gaba, in sun kawo takardar shaida. Takardar tana wurina. Wata huɗu yana tambaya, na ce masa gara ta ci. Ta ina gara za ta ci abin da na naɗe a leda na cusa a ƙasan tukunyar yajin yawo? Ya birkice ɗakinka kaf, ya zazzage akwatinka, ina tsaye ina taya shi nema. Da ya gaji ya fara zarya bariki neman wata, kullum a ce ya dawo. Na ga in aka ci gaba a haka wata rana za su ba shi.

Ranar Talatar da ta wuce na sake hawa kabu-kabu zuwa Tsibiri. Kawu ya tsufa, amma bakin nan yana nan. Tabarmar ma ita ce, ko ƙanwarta. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya san wanda zai raɗa wa likita a rubuta cewa idon yaron ɗaya ba ya gani sosai, a maido mini shi gida, shi ko sani ba zai yi ba. Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ƙara da cewa, yadda munka yi ma ubanshi, ai har ya koma ga Allah bai gane ba.

Sarjan, ban san lokacin da na miƙe ba. Takalmana ma a hannu na fito da su. Da alfahari ya faɗe ta, kamar wanda ya yi mini gata, kuma gaskiyarsa ce, gatan na je roƙo tun farko. Shekara takwas tsakani, ga ni a kan tabarma ɗaya, da ƙullin goro iri ɗaya, ina neman a juya rayuwar namiji ba da saninsa ba saboda ni na fi kowa sanin inda hatsari yake. A bayan babur, tsakanin Tsibiri da Maraɗi, na yi kukan da ban yi ba ran da aka kawo tuta, har ɗan kabu-kabun ya tsaya ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ban tsaya a gida ba sai don in ɗauko takardar. Na wuce Jiratawa da ita tana ta ƙamshin yajin yawo. Na same shi a garka da rana tsaka yana gyara gwangwanayen wayarka. Na tsaya a bakin kanal ɗin ban ruwa na faɗa masa duka. Na ce gara ba ta ci komai ba. Na gaya masa zuwana Tsibiri na farko, da sunan da aka cire aka sa naka, da inda na fito yanzu da abin da na je nema. Ya ci gaba da ɗaure gwangwani har wayar ta yanke shi a yatsa, ya tsotse jinin, sannan ya miƙo hannu ya karɓi takardar. Kwana uku bai ci tuwona ba, a wurin Goggo ya zauna.

Jiya ya dawo. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, kuma ya ce zai tafi. Abu ɗaya ya roƙa, kada in je wurin kowa saboda shi, ko don a ɗauke shi ko don a bar shi. Na yi masa alkawari, kuma Allah ne shaidata ban taɓa ɗaukar abu mai nauyinsa ba. Ni ma na roƙe shi ɗaya. Na ce duk abin da suka ɗora masa a kafaɗa, kafin ya tambayi nisan da yake kaiwa, ya tambayi wa ke tsaye a bayansa. Kuma kada ya yarda da takarda, ya taka da ƙafarsa ya ga mutumin, ya san sunansa, ya duba kowace safiya ko yana nan. Ya ce to. Ban sani ba ko irin to ɗinka ce.

Ka san ɗan fari ne, shekara ashirin ban taɓa kama sunansa ba. Da kalmomin kai, wannan, da ɗanka na raine shi, kana yi mini tsiya kana cewa malamar lakwal da kunyar ƙauye. Da ya tashi zai fita, ya kai bakin zaure, na ga ƙeyarsa, ƙeyarka sak, sai na ji bakina ya ce Lawali. Ya tsaya cak. Ya waiwayo yana duba tsakar gida yana neman wadda ta kira shi, don bai san sunansa da muryata ba. Na ce ya ja ƙofa saboda awaki.

Kira ɗaya na yi masa ya waiwayo, Sarjan. Ka ga ashe ana iya waiwayowa.

Kada ka ɗauka na huce. Ban huce da waɗanda suka riƙe mabuɗi ba, ban huce da waɗanda suka ɗauki hoto ba, ban huce da kai ba, balle da kaina. Litinin zan shiga aji ƙarfe takwas kamar kullum, ba zan taka Tsibiri ba, ba zan kira kowa ba. Wayarka kuma na ce a bar ta a garka, tsuntsu bai daina zuwa ba.

Ka yafe mini abin da na yi maka a ɓoye. Naka laifin kuwa sai mun haɗu, ka shirya amsa. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.

Matarka da ta sa aka rubuta sunanka,
Mariyama